Zangon Intanet da Sabon Baƙo a Ƙasar Waje

A kowace shekara dubban ɗalibai daga Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka sukan bar gida domin neman ilimi a ƙasashen waje. Ƙididdigar hukumar UNESCO ta nuna cewa yawan masu karatun jami'a a ƙasar da ba tasu ba ya tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 6 a shekarar 2021. A zamanin da, ɗalibi yakan sauka daga jirgi ne da adireshin mutum ɗaya ko biyu a aljihunsa, wasiƙar da ya aika gida kuwa takan yi makonni kafin amsa ta dawo. Yanzu lamarin ya sake. Tun kafin ya ɗaure kayansa an riga an sanya lambar wayarsa a zauren 'yan ƙasarsu mazauna can, a WhatsApp ko Telegram ko Facebook, inda mutane ɗaruruwa suke hira dare da rana.

Shiga irin wannan zaure abu ne mai amfani ƙwarai, kuma bai kamata a hana sabon baƙo ba. Amma ya dace a fahimce shi a matsayinsa na masauki, wato wurin da ake sauke kaya a huta, a tambayi hanya, sa'an nan a shiga gari. Baƙon da ya mayar da shi gidan zamansa na dindindin yakan yi hasarar babban rabo daga abin da ya fita nema. Tarihin Hausawa da binciken masana halayyar ɗan'adam duk sun goyi bayan wannan ra'ayi.

Daga zangon fatake zuwa zangon waya

Taruwar baƙi 'yan asali ɗaya a wuri guda tsohuwar dabara ce a wurin Hausawa. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi a ƙasar Gana ta yau sun kafa zanguna a kan hanya, waɗansu har suka zama manyan unguwanni. A Sudan akwai garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, wanda mutanen da suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa. A Ibadan kuwa an kafa unguwar Sabo a 1916, kuma wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya wallafa sakamakon bincikensa a 1969.

Abin da Cohen ya gano shi ne cewa cinikin shanu da goro a Sabo ya dogara ne a kan maigida. Idan falke ya iso daga arewa da shanunsa, maigida ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalai, ya gaya masa mahaucin da za a iya ba bashi da wanda ba za a ba ba. Mafi muhimmanci, maigida yana da gida da iyali da suna a garin. Idan ya ci amanar baƙo, labari zai koma arewa, fatake su ƙaurace masa, arzikinsa ya karye. Saboda haka amanarsa tana da jingina.

Zauren intanet ya gaji ayyukan zango da yawa: tarbar baƙo, nuna masa hanya, sama masa ɗaki, kwantar masa da hankali da harshen gida. Abu ɗaya ne bai gada ba, wato wannan jingina ta maigida, kuma za a ga illar hakan nan gaba.

Kwanakin farko na baƙo

Yawancin sababbin shiga sukan bi ta matakai masu kama da juna. Da farko akwai murna. Baƙo ya yi sallama, mutane da dama sun amsa masa da barka da zuwa, wani ya tambaye shi garinsu, sai ga wanda ya fito daga ƙaramar hukumarsu. Daga nan sai saƙonni su yi masa yawa: tallar ɗakin haya, sanarwar suna, gardamar siyasar gida, barkwancin da tsofaffin hannu kaɗai suka san asalinsa. Sai ya ja baki ya yi shiru, ya zama mai karatu kawai. Ran da ya yi ƙarfin hali ya yi tambaya a kan buɗe asusun banki ko rajista da likita, yakan sami amsoshi biyar ko shida, waɗansu suna karo da juna.

Wannan shirun ba baƙon abu ba ne. A 2006 wani masanin yadda mutane ke amfani da kwamfuta, Jakob Nielsen, ya bayyana cewa a yawancin irin waɗannan tarurruka, cikin mutum 100 kimanin 90 karatu kawai suke yi, 9 sukan sa baki jefi-jefi, mutum 1 ne yake yin mafi yawan magana. Wannan kirdado ne, yakan bambanta daga zaure zuwa zaure, amma darasinsa a fili yake. Muryar da baƙo yake ji yana zaton ta jama'a ce, sau da yawa ta mutane ƙalilan ce waɗanda suka fi kowa lokaci ko suka fi kowa ƙorafi.

Dalilin da ya sa baƙo ke bukatar 'yan gida

Ruɗewar da mutum ke shiga idan ya faɗa cikin baƙuwar al'ada abu ne da masana suka daɗe suna nazari. Kalervo Oberg, masanin al'adu haifaffen Kanada, ya yi lacca a kanta a birnin Riyo na ƙasar Burazil a 1954, aka buga ta a 1960. A ganinsa, ɗan'adam yana rayuwa ne da ƙananan alamomi marasa adadi waɗanda bai ma san yana amfani da su ba: yadda ake gaisuwa, lokacin da ake murmushi, yadda ake ciniki, abin da ake faɗa idan an ba mutum abinci. Idan aka ɗauke masa su gaba ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta shiga aikin lissafi a kan abin da a gida take yi ba tare da tunani ba, daga nan gajiya da fushi da kewar gida su biyo baya.

An daɗe ana koyar da cewa baƙo yakan fara da jin daɗi, ya faɗa cikin damuwa bayan 'yan watanni, sa'an nan ya farfaɗo. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga binciken Sverre Lysgaard na 1955 a kan 'yan ƙasar Norwe 200 da suka yi karatu a Amurka. Amma a 1998 Colleen Ward da abokan aikinta suka bi diddigin ɗaliban Japan a Niyu Zilan tun daga isowarsu, suka ga cewa damuwa ta fi tsanani ne a farkon sauka, tana raguwa daga baya. Idan haka ne, lokacin da baƙo ya fi bukatar taimako shi ne lokacin da bai san kowa ba tukuna, kuma nan ne zauren 'yan gida yake cika gurbin da babu mai cika shi.

Kaɗaici kansa matsala ce ta lafiya. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka haɗa sakamakon bincike 148 da suka shafi mutane fiye da 300,000, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bi su. Saboda haka hirar dare da harshen uwa tana da nata amfanin ga jiki da zuciya.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin takardar da jami'a ke aiko wa ɗalibi. Wanda ya tashi a Kano, inda yini ba ya kasa awa 11 ko a watan Disamba, idan ya je Landan zai tarar da yinin da bai cika awa 8 ba. Fatar jiki tana bukatar hasken rana domin haɗa sinadarin bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, baƙar fata kuwa tana bukatar haske fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Shi ya sa hukumomin lafiya na Birtaniya suke ba da shawarar shan maikirogiram 10 na wannan sinadari kullum a lokacin kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. Sau da yawa daga bakin ɗan'uwa da ya riga shi zuwa baƙo yake fara jin wannan, tare da inda ake sayar da naman halal da irin rigar sanyin da ta dace.

A lokacin tashin hankali ma an ga ranar waɗannan zauruka. Da Rasha ta afka wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairu, 2022, ɗaliban Afirka sun yi amfani da su wajen sanar da juna jirgin ƙasan da ke tashi da kan iyakar da ake barin baƙar fata su wuce zuwa Folan ko Hangari ko Romaniya. Haka kuma da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan arewa ne, ta waya suka riƙa sanin wurin taruwa da lokacin tashin motocin da suka nufi iyakar Masar, kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce rashin jinginar nan ta maigida. Masanin halittar ɗan'adam Robin Dunbar ya kawo hujja a 1992 cewa yawan mutanen da mutum ɗaya zai iya riƙe sanayya ta haƙiƙa da su bai wuce kimanin 150 ba. Ana gardama a kan ainihin adadin, amma kowa ya yarda akwai iyaka. Zauren WhatsApp kuwa tun daga 2022 yana ɗaukar mutum har 1,024. Ke nan babu shugaban zauren da zai iya cewa ya san kowa. Mai hoton mutumin kirki da sunan gida yana iya karɓar kuɗin ajiyar ɗakin da babu shi, ko ya yi alkawarin canza naira zuwa kuɗin ƙasar a farashi mai sauƙi, ya karɓa ya kashe layinsa. Wani kuma yakan roƙi baƙo ya ara masa asusun banki a shigo da kuɗi a fitar, alhali kuɗin na zamba ne, kuma a ƙasashe da yawa doka tana kama mai asusun. Baƙo ya fi kowa saurin faɗawa, domin jin harshen gida a baƙon wuri yakan sa mutum ya saki jiki.

Matsala ta biyu ita ce tsohon labari da labarin ƙarya. Mai ba da shawara yakan faɗi abin da ya sani lokacin da shi ya iso, dokokin shige da fice kuwa suna canzawa. Misali, daga watan Janairu na 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wanda ya zo da matarsa a 2022 gaskiya ya faɗa game da kansa, amma wanda ya bi maganarsa yau zai yi asarar kuɗi da lokaci. Ƙarya kuwa tana da ƙafa fiye da gaskiya. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2018 ya duba labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017, ya gano cewa labarin gaskiya yakan ɗauki ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500.

Matsala ta uku ta fi sauran ɓoyuwa, kuma ta fi su tsada. Oberg ya lura tun a wancan lokaci cewa baƙon da ya shiga damuwa yakan fake a cikin 'yan ƙasarsu, su zauna suna kushe masu masaukinsu, har kushen ya zama ra'ayin da ba ya kankaruwa. A zamanin Oberg sai mutum ya taka zuwa wurin taron. Yau wurin taron yana cikin aljihu, a buɗe awa 24. Ɗalibi yana iya yin shekara uku a wata ƙasa, jikinsa yana can, kunnensa da bakinsa suna gida, ya dawo da takardar digiri ba tare da ya ƙware a harshen ƙasar ba, ba tare da abokin aiki ko ɗaya daga cikin mutanenta ba.

Darajar sanin shanu

Hausawa sukan raina sanin shanu, wato sanayyar da ba ta wuce gaisuwa ba. Kimiyyar zamantakewa ta nuna cewa tana da daraja. Mark Granovetter ya yi tambayoyi ga ma'aikata a wani gari kusa da Bostan a Amurka game da yadda suka sami aikinsu, ya wallafa sakamakon a 1973. Cikin waɗanda suka ji labarin aikin daga bakin wani, kimanin 17 cikin 100 ne kawai suka ji daga mutumin da suke gani a kai a kai. Sauran sun ji ne daga wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ko da ƙyar. Dalilin mai sauƙi ne. Aminan mutum sun san juna, suna zuwa wuri ɗaya, abin da suka sani shi ma ya sani. Wanda ke nesa kaɗan shi ke yawo a wata da'ira dabam, shi ke kawo sabon labari. A 2022 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn cikin shekara 5, wanda ya nuna cewa sanayya mai matsakaicin rauni ta fi ta ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki.

Zauren 'yan gida da'ira ɗaya ce, komai yawan mutanenta. Stephen Bochner da abokan aikinsa, da suka yi nazarin ɗalibai baƙi a Hawayi a 1977, sun ga cewa ɗalibi yana da rukunin abokai uku, kowanne da aikinsa: 'yan ƙasarsu masu raya masa al'adarsa, 'yan ƙasar da ya je masu taimaka masa a karatu da sana'a, da baƙi daga wasu ƙasashe da yake shaƙatawa da su. Wani binciken da aka yi a Hawayin a 2011 ya nuna cewa ɗaliban da 'yan ƙasar suka fi yawa a cikin abokansu sun fi gamsuwa da zamansu, kuma kewar gida ta fi yi musu sauƙi. Da ɗan gari akan ci gari.

Hujjar masu ganin akasin haka

Akwai masu cewa wannan magana ta fi sauƙin faɗa. Baƙo yakan gamu da wariyar launin fata, ya yi gaisuwa a ƙi amsawa, ko ya ga cewa yawancin haɗuwar abokan karatunsa a mashaya ake yi, wurin da addininsa da tarbiyyarsa ba su yarda ya je ba. Iyaye kuma suna tsoron kada ɗansu ya narke cikin wata al'ada ya manta da tasa. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma laifin nisantar juna sau da yawa yana wuyan masu masauki.

Sai dai ba dole ba ne mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. John Berry, masanin halayyar ɗan'adam na Kanada, ya kasa hanyoyin da baƙo ke bi gida huɗu: ya riƙe al'adarsa ya guje wa masu gari, ko ya yar da tasa ya rungumi tasu, ko ya rasa duka biyun, ko kuwa ya riƙe tasa kuma ya yi hulɗa da su. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, wanda ya shafi matasa baƙi fiye da 5,000 a ƙasashe 13, ya nuna cewa masu bin hanya ta huɗu sun fi samun kwanciyar hankali da dacewa da makaranta. Fataken da ma haka suka yi. A zango suke kwana, su yi sallarsu, su ci tuwonsu, amma da gari ya waye kasuwa suke shiga, su koyi Yarabanci ko Asantanci gwargwadon da ciniki ke bukata. Wuraren haɗuwa kuwa suna da yawa ban da mashaya: ɗakin gwaje-gwaje, laburare, filin ƙwallo, ƙungiyar sashen karatu, aikin sa kai.

Abin da ya kamata a yi

Ga ɗalibin da ke shirin tafiya, ƙa'idojin ba su da yawa. Ya shiga zaure, ya yi sallama, ya saurara na ɗan lokaci domin ya gane masu magana da ilimi da masu magana da zafin rai. Duk abin da ya shafi biza, izinin aiki, haraji ko lafiya, ya ɗauki maganar zaure a matsayin manuniya, ya tabbatar da ita daga ofishin ɗaliban waje na jami'arsa ko sanarwar hukumar da abin ya shafa, ya kuma duba kwanan watan da ke kanta. Kada ya tura kuɗi ga wanda bai gani ido da ido ba, sai in wani sananne da za a iya kamawa ya tsaya masa. Kada ya sanya hoton fasfonsa ko lambar asusunsa a bainar jama'a. Ya nemi mutum biyu ko uku daga zauren ya ziyarce su, domin zumunta a ƙafa take. Sa'an nan ya ɗora wa kansa nauyin sanin aƙalla mutum ɗaya sabo daga wajen 'yan ƙasarsu a kowane mako na zangon karatu na farko.

Shugabannin zauruka su ma da nasu aikin. Suna iya farfaɗo da matsayin maigida ta hanyar ba kowane sabon shiga wani tsohon hannu sananne da zai kula da shi, da hana talla daga wanda babu mai tsaya masa, da sanya kwanan wata a kan duk wata shawara ta doka.

Malaman sakandare kuwa ba sai sun jira ɗalibansu sun sami biza ba. Abin da aka faɗa a nan ya shafi ɗan Katsina da zai tafi jami'a a Fatakwal, da 'yar Damagaram da za ta tafi Yamai, da mai hidimar ƙasa da aka tura jihar da bai taɓa zuwa ba. Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a aji da takarda da fensir. Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen mutum 15 da ya yi magana da su a makon da ya wuce, ya ja layi tsakanin duk biyun da suka san juna. Zai ga dunƙule ɗaya ko biyu masu layuka da yawa, da waɗansu sunaye ƙalilan a gefe masu layi ɗaya tak. Sai malami ya tambaye shi daga wane ne ya ji labari na ƙarshe da ya ba shi mamaki ko ya amfane shi, a tattara amsoshin aji duka a kan allo, a ƙirga nawa suka fito daga dunƙule, nawa daga gefe. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai san abin da zai nema a zauren 'yan gida ran da ya zama baƙo, ya kuma san abin da sai ya fita waje zai same shi.